Tayar da Aka Ɗaura a Juye

Rana tsaka muka tsinci Guguwa a ƙasan kwazazzabo, shi da kekensa, ban san wanda ya fi wani kakkaryewa ba. Hular kwanonsa ta dare biyu. Ni da na yi shekaru ina ganin haɗari a kan titi, sai da na kau da kai na dafa dutse.

Ni direba ne, ba ruwana da hawan keke. Wata ƙungiyar masu hawan keke a kan duwatsu ce ta ɗauko ni da bas ɗina, in ɗaure kekuna a sama, in loda tantuna da risho da tukwane a baya, in kai su gindin dutse, su hau su sauko, gobe mu ƙara gaba. Manyan mutane fa, masu ofis da iyali, su bar katifa a gida su zo su kwanta a kan tsakuwa, wai hutu suke yi. Tun ranar farko na ce Allah ya sawwaƙe, amma wallahi ban zaci nan za ta kai mu ba.

Guguwa shi ne gwaninsu, ba a taɓa shan gabansa ba, daga nan ya samo sunan. Da matarsa ya zo, ita ma mahayiya ce, da ƙanensa da kowa ke kira Auta, ko da yake Autan ya ajiye gemu da 'ya'ya. Sai Shugaban ƙungiyar, sai Bakanike mai kula da kekuna, da wasu da ban riƙe fuskokinsu ba.

Ga yadda suke yi. Da yamma Shugaba yakan zaga hanyar da za a bi washegari, duk inda hanya ta rabu ya ɗaura jan ƙyalle a reshe. Inda ƙyalle yake nan ake bi, ba tambaya. A saman dutsen nan akwai wata mararraba. Hagu tana zagayowa ta dawo sansani. Dama tsohuwar hanya ce da ruwa ya cinye ƙarshenta, ta zama baki buɗe a kan kwazazzabo, kuma babu wanda ya san haka cikin baƙin. Shugaba ya rantse a hagu ya ɗaura. Da safe ƙyallen a dama yake. Guguwa, da ya saba yin gaba shi kaɗai, ya bi shi a guje. Sauran da suka iso daga baya, Shugaba ya ja su hagu, a zatonsa mutumin zai gane ya juyo.

Wani ne ya sauya wa ƙyallen wuri. Kafin a ɗauko gawar ta gefen rafi, kowa ya riga ya san ko wane ne. Ko in ce kowa ya riga ya zaɓa.

Da yammacin da ya gabata Guguwa ya ratsa tsakiyar garken wani makiyayi a guje, shanu suka watse, wata karsana ta faɗa tsakanin duwatsu ta goge ƙafa. Makiyayin ya biyo shi har sansani, ya ɗaga sanda ya ce, "Dutsen nan ba ya son gaggawa. Wanda ya raina shi zai gani." Kowa ya ji, har ni. Don haka da Sufeton 'yan sanda ya iso, bai ko zauna ba aka nuna masa hanyar rugar mutumin. Aka zo da shi da ankwa, aka zaunar da shi a bayan motar 'yan sanda, rana na dukansa.

*

Mutanen ƙauyen da ke gindin dutsen suka taru a gefe ɗaya, 'yan keke a gefe ɗaya, ana harare-harare. 'Yan ƙauye na cewa baƙi sun kashe ɗan'uwansu suna neman wanda za su shafa wa. 'Yan keke na cewa ƙauyen gaba ɗaya bakinsu ɗaya. Ana cikin haka dattawa suka turo wani tsoho siriri gaba, idonsa ɗaya ya fara yana, hannunsa riƙe da kara. Baba Mai Sawu suke ce masa. In akuya ta ɓata ko an kore saniya, shi ake kira ya bi sawu.

Sufeto ba mugun mutum ba ne, gajiyayye ne kawai. Ya dubi tsohon ya ce, "Baba, motar asibiti nake jira. Kafin rana ta faɗi zan tafi da mutumin nan. In kana da abin nuna mini, nuna mini kafin nan."

Tsohon ya je ya dafa bayan motar. "Ɗana, ka je mararrabar nan jiya?"

"Na je, Baba," in ji makiyayin.

"Yin me?"

"Ƙaya na sara na toshe tsohuwar hanya. Maraƙina ya kusa zurmawa. Na ce kada a yi asara."

"Ka taɓa ƙyallensu?"

"Me zan yi da tsumma?"

Sufeto ya yi murmushi ya ce, "To, ka ji dai da bakinsa. Ya je wurin."

Na ji kamar in mari makiyayin don haushi. Kai da ake neman rataye ka, ka buɗe baki ka miƙa igiya? Amma irinsu haka suke, gaskiya ta zame musu kamar tari, ba sa iya riƙe ta.

Baba ya ce yana son mutum ɗaya daga ɓangaren baƙi ya raka shi, don kada a ce ya ƙirƙira. 'Yan keke duk suka duƙar da kai, wannan na gyara igiyar takalmi, wancan na duba waya. Na ce to ni zan je, ai ƙafata ba ta haya ba ce.

*

Kafin mu hau, sai da ya zaga sansanin yana tambaya, a hankali, kamar mai cinikin da ba ya niyyar saye.

Shugaba ya ce e, jiya ya ga ƙaya a bakin tsohuwar hanya, yau kuma babu ita. "Wanda ya sa ai shi ya san yadda zai cire," in ji shi.

Bakanike yana zaune a kan akwatin kayan aikinsa yana murza tsumma a hannu. Ya ce birkin mamacin lafiyarsa ƙalau, shi ya duba shi da kansa. Ba wanda ya tambaye shi zancen birki.

"Da asuba wa ya fita da keke?" in ji Baba.

"Kowa na barci," in ji Shugaba.

Auta yana tsugune a gindin wata bishiya, ya haɗa kai da gwiwa. Baba ya tsaya a kansa jim, bai tambaye shi komai ba, ya wuce.

A ƙofar tantin mamacin akwai tarin tukwane da kwanoni ba a wanke ba, ƙuda sun yi musu baƙi. Tsohon ya taɓa su da kara. "Wannan fa?"

Ni na ba shi amsa. Dokarsu ce: wanda ya dawo sansani a ƙarshe, shi ke wanke tukwane. Guguwa bai taɓa wankewa ba. Auta kuwa tun da muka taso hannunsa bai bushe ba, yayan nasa ya zauna a kujera yana kurɓar shayi yana ce masa, "Goge da kyau, amarya, ga baƙi nan a gindi." A yi ta dariya.

"To jiya wa ya zo ƙarshe?"

"Auta."

"Me ya kawo su ƙofar wanda ba ya wankewa?"

Matar mamacin ce ta ɗaga labulen tantin, idanunta sun kumbura. "Baba, mijina na kwance can an lulluɓe shi, kai kana tambayar tukunya?"

"Yi haƙuri, 'yata," in ji shi. "Tsufa ne." Ya juya muka kama hanyar dutse.

*

Na raina tsohon nan a hawa, sai ga shi ni ke haki a bayansa. Da muka isa mararrabar ya hana ni matsowa, ya ce in tsaya a kan wani fale-falen dutse kada in ɓata masa ƙasa. Ya durƙusa. Rabin karatunsa da ido yake yi, rabi da yatsa.

Ya nuna mini sawun takalmin roba irin na makiyayin, da jan ƙaya zuwa bakin tsohuwar hanya. Na ce shi ke nan, biri ya yi kama da mutum.

"Na jiya ne," in ji Baba. "Dubi ƙwaro ya bi ta kansa, raɓa kuma ta kwanta a ciki. Zo ka ga na yau."

Ƙayar tana can an wurgar da ita cikin ciyawa. A gindin bishiyar da ƙyallen ke lilo kuwa, babu sawun mutumin da ya tsaya da ƙafa biyu. Ɗan yatsan ƙafa ɗaya ne ya nutse a ƙasa, a gefensa ga layin taya, a jikin bishiyar ga gurzar ƙarfe daidai ƙugu.

"Wanda ya ɗaura wannan bai sauka daga keke ba," in ji shi. "Ya jingina hannun keken da bishiya, ya dogara ƙafa ɗaya, ya miƙa hannu. Sai da ya gama ya sauka ya ja ƙayar. Kuma ƙasa na da danshi lokacin, dubi yadda zanen ya fito tas. Na sauran da suka wuce da rana duk ya rugurguje."

"Makiyayin na da keke?"

"Ko ka ba shi ba zai iya hawa ba."

Na yi ajiyar zuciya, amma tsohon bai saki fuska ba. Ya ce in duba zanen tayar. Tayoyin kekunan nan suna da haƙora jere kamar kan kibiya. Na ayarin da ya wuce da rana duk sun fuskanci gefe ɗaya. Na mai sammakon nan kuwa sun fuskanci ɗaya gefen.

"Ba daga sansaninku ya hawo ba ke nan," in ji Baba. "Daga can ya zo, ta hanyar hagu. Wani ne daban."

Kunyar faɗa nake ji, amma daɗi na ji. Na ce Allah ya sa wani baƙo ne can da ban sani ba, kowa ya huta.

*

Muka bi layin ta hanyar hagu, yana ɓacewa yana ɓullowa a gefe, har ya mutu a kan dutse tsagwaron. Baba ya ce ta wannan ɓangaren mutum ɗaya ne ke da keke, maigadin eriyar waya da ke can ƙololuwa. Muka hau, gwiwoyina na zagina.

Maigadin yana kwance a inuwar ɗakinsa da rediyo a ƙirji. Da ya ji abin da ya kawo mu ya tashi a fusace, ya jawo kekensa ya jefar a gabanmu. Tsohon keke ne, kaca ta yi tsatsa, tayoyin sun goge sumul kamar tafin hannu.

"Ga shi nan! In akwai haƙori ɗaya a jikinsa ku ɗaure ni. Ni da ko gangara ba na yi da shi sai na ja shi a ƙasa?"

Baba ya ba shi haƙuri, ya tambaye shi ko ya ga wani da sassafe.

"Na gani. Gari na fara wayewa, wani mai hular kwano ya wuce ta can ƙasa."

"Yana hawa wajen mararraba?"

"Yana sauka dai. Ya fito daga mararraba ya nufi wajen tantunan."

"Ka tabbata?"

"Baba, ido ɗaya ne ya mutu maka, ni nawa biyu ne."

Fuska kuwa bai gani ba. Duk mai hular kwano ɗaya ne a wurinsa.

Muka juyo, tsohon ya daina duba ƙasa. Can ya ce, "Shekara da shekaru ina bin kofato. Kofato ba ya ƙarya, inda ya fuskanta nan dabba ta nufa. Wannan abin naku ban san shi ba, Direba. Na karanta shi a juye, na ɓata mana rana." Ranar kuwa ta riga ta karkata.

A wata kwana mai tsanani, inda hanya ta lanƙwashe bayan wani dutse, sai ya ja ya tsaya har na yi karo da shi. A miƙaƙƙiyar hanya tayar baya tana taka sawun ta gaba ta shafe shi, shi ya sa layi ɗaya muke gani. A kwanar kuwa sun rabu, ta gaba ta yi waje, ta baya ta yanke ciki. Layi biyu, kwance a busasshen laka, tas kamar an zana. Haƙoran ɗaya sun fuskanci gaba, na ɗayan sun fuskanci baya.

"Keke ɗaya ba ya tafiya gabas da yamma a lokaci guda," in ji Baba. "Ba hanya ce ta juye ba. Tayar bayansa ce aka ɗaura a juye."

Na tuna a zangon da muka baro wani ya yi faci, Bakanike na can yana fama da keken Shugaba, mutumin ya ce ba sai an taya shi ba, ya cire tayar ya mayar da kansa cikin sauri don kada a bar shi a baya. Na kuma tuna wanda na gani da safe, kafin su tashi, yana jera tukwane a ƙofar tantin Guguwa yana fito. Na faɗa wa tsohon. Sai da muka yi nisa ya ce, "Kaico. Da ma baƙon ne."

*

Mun tarar motar asibiti ta zo ta tafi da gawar. Sufeto na shirin tashi. Baba ya roƙe shi arziki ya tara kowa a bakin rafi, kowa da kekensa. 'Yan ƙauye suka yi da'ira a baya, aka sauko da makiyayin aka tsayar da shi a gefe.

Tsohon ya share yashi mai danshi da tafin hannunsa, ya ce a gungura kekunan ɗaya bayan ɗaya, a karya kwana. Na Shugaba ya wuce, haƙoran gaba da na baya duk fuska ɗaya. Na matar mamacin haka. Na Bakanike haka. Da aka zo kan na Auta, bai motsa ba, ni na kama keken na gungura shi. Layi biyu suka fito a yashi, ɗaya na kallon gaba, ɗaya na kallon baya.

Baba bai ɗaga murya ba.

"Wani ya tashi da asuba ya hau da keken nan. Ya kwance ƙyalle daga hagu ya ɗaura a dama. Ya ga ƙaya, ya zaci mugunta ce ta makiyayi, ya janye ta. Bai leƙa ƙarshen hanyar ba. A zatonsa doguwa ce kawai, mai gaggawa zai sha zagaye ya dawo a ƙarshe ya tarar da tukwane na jiransa. Ban ce ya yi nufin kisa ba. Na ce dai wancan da ke cikin ankwa shi ne ya toshe ramin, ba shi ya buɗe ba."

Auta ya ɗago kai. "Ni fa wasa…"

Matar yayansa ta cafke wuyan hannunsa. "Rufe mana baki! Zazzaɓi ke damunsa, tun safe yake sambatu. Sufeto, kekunan nan a waje suke kwana, ba kulle. Kowa na iya hawa."

"Gaskiya ne," in ji Shugaba, idonsa a ƙasa. "Kowa na iya hawa."

Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, sai na gane sun sani. Tun a mararraba suka sani, da dariya ma suka dawo sansani, ni da kaina na ji su. Naka sai naka, in ji masu magana, amma ban taɓa ganin muninta ba sai ranar.

Sufeto ya shafa haɓa. "Taya a juye ba laifi ba ne, Baba. Nuna mini irin wannan zanen a gindin bishiyar, in ɗauki hotonsa, sannan mu yi magana."

Muka sake hawa, mu uku da wani kofur. Tun kafin mu kai na ji kukan shanu, Baba ya tsaya cak ya dafa kai. Garken makiyayin ne. Tun rana ba mai kula da su, lokacin shan ruwa ya yi, suka kamo hanyar da suka sani su kaɗai. Sun bi ta hanyar hagu, sun bi ta kwanar, sun taru a mararraba suna jiran mai su. Gindin bishiyar ya zama turɓaya da kashi. Ko ɗan yatsan nan babu.

Tsohon ya durƙusa yana lalube da hannu a tsakanin ƙafafun shanu, har wata ta ture shi. Ni na ɗaga shi.

Da muka sauko, keken Auta yana kife a ƙasa, ƙafafu sama, Bakanike na buga masa iska. Ya riga ya cire tayar ya mayar da ita daidai.

"Kai, wa ya sa ka?" na daka masa tsawa.

"Aikina ne," in ji shi, bai dube ni ba. "Haɗari ne a hau ta haka."

Sufeto ya dube shi, ya dubi tayar, ya girgiza kai. Ya san abin da aka yi, mu ma mun san ya sani. Amma abin da ke hannunsa shi ne mutumin da ya yi barazana a gaban jama'a, ya kuma amsa da bakinsa cewa ya je wurin. Aka mayar da makiyayin mota. Baba ya bi motar yana dogara kara, yana ce masa, "Kada ka karaya, ɗana. Na ga idon mutumin nan, ba zai iya haɗiye ta ba. Zai zo da ƙafarsa."

*

Da gari ya waye muka kwance tantuna. Ina saman bas ina ɗaure kekuna, Auta na miƙo mini. Da ya miƙo na yayansa, wanda ya lauye, sai ya riƙe shi bai saki ba.

"Direba," in ji shi a hankali, "tukunya kawai na so ya wanke. Sau ɗaya. In zauna a kujerarsa in ce masa goge da kyau."

"Ba ni za ka faɗa wa ba."

"Na sani."

"Akwai mutum a kulle saboda kai. Yana da mata, yana da 'ya'ya kamar ka."

"Na sani," ya sake cewa, hawaye na bin gemunsa. "In mun zo ofishin, ka tsaya."

Baba Mai Sawu yana zaune a kan dutse a bakin hanya lokacin da muka fito. Na ɗaga masa hannu, na yi masa alama da kai cewa an dace. Ya miƙe tsaye. Bai yi murmushi ba, amma ya miƙe.

Ofishin 'yan sandan yana bakin titi a garin da ke gaba. Na faka a ƙofarsa na kashe mota. Babu wanda ya tambaye ni dalili. Ta madubi na ga Auta ya kai hannu ga marfin ƙofa.

"Auta," in ji matar yayansa. Ba tsawa ta yi ba wannan karon, muryarta ta dishe. "Ni na ce maka ka yi. Ni na tashe ka da asuba, ka manta? In ka shiga, da ni ka shiga. 'Ya'yan yayanka wa zai riƙe su? Mama kuma fa? Jiya ta rasa ɗaya. Kai za ka je ka gaya mata wanda ya tura shi?"

Hannunsa na kan marfin. Bai buɗe ba, bai kuma ɗauke ba.

Na ce, "Bari in shiga in gaya musu kana tafe." Na zare makulli na fita.

Sufeto na bakin kanta yana shan shayi. Na zayyana masa abin da aka faɗa mini a gindin bas, da wanda na ji yanzu. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Ka gani da idonka?"

"Da kunnena na ji."

"Gobe su taru su ce ƙarya kake, kai ɗaya su gayya guda. Direba, ni ma ba na son riƙe mutumin nan. Ya shigo ya faɗa da bakinsa, yanzu in buɗe wa wannan ya tafi wajen shanunsa. In ba haka ba, kotu za mu kai shi, kuma ka san yadda take."

Makiyayin yana zaune a ƙasa a bayan kanta, an cire masa takalmi. Da ya gan ni ya yunƙura ya kama ƙarfen ƙofar.

"Malam direba, ya zo?"

"Yana mota," na ce.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Baba ya ce zai zo." Ya gyara wuyan rigarsa, ya zuba wa ƙofar shigowa ido.

Muka jira. Sufeto ya ƙarasa shayinsa ya ajiye kofi. Wata mata ta shigo da ƙarar an sace mata waya, aka sallame ta. Ƙofar na buɗe, rana na kwararowa ciki, ba wanda ya tare ta.

Sai na ji hon. Hon ɗin bas ɗina ne, wani ya miƙa hannu daga baya ya danna. Aka sake dannawa, aka riƙe.

"Kiranka suke yi," in ji Sufeto.

Makiyayin ya dube ni. "Ko dai kunyar shigowa yake ji? Ka ce masa ya shigo, wallahi ban riƙe shi da komai ba."

Na fita da makulli a hannu. Auta ya koma kujerar can baya, ya rufe fuska da rigarsa, matar yayansa ta dawo ta zauna a bakin ƙofa. Da na waiwaya, makiyayin yana nan riƙe da ƙarfe, yana leƙen bayana ya ga wanda zai shigo.